Fassarar da Nake Karanta wa Baba a Argungu

Na fara sanin mutumin nan ne a matsayin masanin harshe. Lokacin da nake karatun Hausa a jami'a a Sakkwato, babu ɗalibin da ya tsira daga sunansa. Saboda shi muka yi ta zana jumla kamar bishiya a allo, yankin suna a wannan reshe, yankin aiki a wancan, har alli ya ƙare a hannu. Na ci jarrabawata, na dawo Birnin Kebbi, na kama koyarwa a wata makarantar 'yan mata, na yi aure, na haihu, na manta da shi.

Bayan shekaru masu yawa wani malamin tarihi da muke aiki tare zai yi ritaya. Ya kwashe littattafan da ke durowarsa ya zube a teburin ɗakin malamai, ya ce kowa ya ɗauki abin da yake so. A cikin tarin na ga sunan nan a bangon wani littafi da gefensa ya fara cinyewa. Na ɗauka nahawu ne, na jefa a jaka na kai gida a unguwar Gesse. Da na buɗe, babu bishiya ko ɗaya. Maganar yaƙi ce daga farko har ƙarshe. Ba'amurke ne, amma gwamnatin ƙasarsa yake tuhuma: ƙasashen da ta kai wa hari, shugabannin da ta ɗaure wa gindi alhali suna kashe mutanensu, da yadda jaridu ke zaɓen gawar da za a yi wa kuka da wadda za a tsallake. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Jera abubuwa kawai yake yi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta sunayen ɗalibai da safe, kuma wannan sanyin nasa ne ya fi tayar mini da hankali.

A lokacin mahaifina yana Argungu, a gidan da aka haife ni. Tsohon malamin firamare ne, manomin shinkafa kuma, har yanar ido ta hana shi gani ya bar wa ƙannena gonar. Abin da ya rage masa shi ne rediyo da baƙi. Kowace Asabar nakan shiga mota in je in wuni wurinsa. Wata Asabar na ba shi labarin littafin, don dai a samu abin hira. Ya ce in zo da shi. Na karanta masa shafi ɗaya da Turanci, ya ɗaga hannu ya ce Turancina gudu yake yi, kunnensa kuma ya tsufa, in juya masa da Hausa.

Haka na fara. In ba ni da aji, sai in zauna a ƙarshen ɗakin malamai da littafin rubutu irin na ɗalibai, in fassara shafi biyu ko uku. Ran Asabar bayan azahar a shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, in karanta, shi kuma ya jingina da bango ya karkato kunne. Ranar farko da na kai aya sai ya tambaye ni.

"Shi wanga mutum, gidanai yake kwana?"

Na ce gidansa yake kwana.

"Ba su kama shi ba?"

Na ce gwargwadon sanina ya tsufa yana koyarwa a jami'a. Baba ya girgiza kai ya ce lalle akwai abin mamaki a duniya. Amma bai zama almajirin mutumin ba. Sau da yawa yakan tsayar da ni ya yi gardama da shi kamar yana zaune a gabansa. Ya ce mutumin ya faɗi gaskiya a kan mutanensa, sai dai kada mu fake da shi, don wanda ya karkatar da takin da aka ce an aiko wa manoman fadama ba daga ƙetaren teku ya zo ba, da shi ake sallar Juma'a. In ya faɗi haka sai ya yi dariya ya ce in ci gaba.

Shi karatun yana ƙara masa kuzari. Ni kuwa cinye ni yake yi. Na daina jin labarai yadda na saba. In mai karanta labarai ya ce an kai hari wuri kaza, sai in tsaya da ludayi a hannu ina tunanin wa ya rubuta masa, me kuma aka bari ba a faɗa ba. In jirgi ya wuce ta sama ya yi arewa wajen iyakar Nijar, sai in fita tsakar gida ina kallon sama. Maigidana, wanda ma'aikacin lafiya ne, mutum mai ƙarancin magana, ya ce tun da littafin nan ya shigo gidan na rame. Na ce zafi ne. Na kuma sa aka nemo mini wasu guda biyu.

'Yar farina ita ce ta uku a cikin wannan karatu. Aikin gona ta karanta, a kan cututtukan shinkafa, kuma a lokacin tana aiki da wasu masu bincike, kullum tana fadamar Zauro tana tsinko ganyen da ya yi tsatsa tana sawa a leda. In ta samu sarari takan bi ni Argungu. Kakanta yana ce mata amarya, ita kuma tana ce masa tsohon miji mai rowa. Ita ce ta ce hasara ce fassarar nan ta tsaya a kunnen mutum ɗaya, ga abokan Baba a Gulma, ga malaman makaranta da ba su da littafin. Ta ce za ta buga a kwamfuta ta sa a shafinta na sada zumunta. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai na ce mata kada ta sa sunana, ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ba na son a kira ni ofis. Ta ce to. Haka suka riƙa fita ƙarƙashin sunanta da hotonta, kusan kowane mako, mutane suna rubuta mata Allah ya ƙara basira, tana karanta mini ina murmushi. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa tsoron da na ji wa kaina ban ji mata shi ba.

Shekara ta zagayo, ta samu gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Amurka, da tallafin da zai ɗauki nauyin komai. Ranar da saƙon ya zo har maƙwabta sun shigo taya murna. Bayan 'yan makonni tana zaune a falo da la'asar tana cike takardar neman biza a kwamfuta, ubanta yana gefe yana duba fasfo ɗinta. Sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, ashe har sunan shafin sada zumunta suke tambaya. Ta rubuta ta wuce gaba. Maigidana ya dube ni. Ya ajiye fasfon a kan tebur ya fita alwala.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Duk wanda na tambaya a fakaice sai ya ƙara mini. Wata malama ta ce ai duk abin da mutum ya taɓa rubutawa suna da na'urar da ke karanta shi, ko da wane harshe ne. Wata maƙwabciya ta ce ɗan yayarta ya je an hana shi, har yau ba wanda ya san dalili. Ba wanda ya san komai a haƙiƙa, amma kowa yana da labari. Ni kuma ina da abin da ba su da shi: na shafe shekara ina fassara mutumin da ke cewa ƙasar nan tana da dogon hannu. Duk abin da na karanta ya dawo ya tsaya mini a ƙirji.

Na same ta a ɗaki na ce ta goge fassarorin nan daga shafinta. Ta ce ba za ta goge ba. Ta ce babu ƙarya a ciki, babu zagi, kuma mutumin ɗan ƙasarsu ne, a kantunansu ake sayar da littattafansa. Na ce shi ɗan ƙasa ne, ke baƙuwa ce mai ɗankwali. Ta ce ta ji, amma ta riga ta ba da sunan shafin, a bar shi yadda yake. Ta faɗa da ladabi, idonta a ƙasa, amma na san irin wannan ladabin, na ubanta ne, ba ya motsi.

Wata safiyar Talata ta shiga wanka ta bar wayarta tana caji a kan firji. Na san lambar buɗewa, ita da kanta ta koya mini don in riƙa kiran ƙannenta in tawa ta mutu. Na ɗauka na shiga ɗakin girki na tura ƙofa. Sun fi ashirin. Ina jin ƙarar ruwa a bokiti ina gogewa ɗaya bayan ɗaya, har sau biyu na danna inda ba daidai ba. Kowanne sai wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ga jumlolina suna wucewa, har da wadda na yi kwana uku ina neman kalmar da ta dace da ita. Kafin ta fito na mayar da wayar na jona caji, na zuba mata kunu. Ta sha, ta yi mini sallama, ta tafi Zauro.

Na sami sauƙi na kwana biyu. Ran Alhamis a ɗakin malamai wani malamin lissafi, wanda ƙanensa ya yi karatu a waje, yana hira da wasu a kan neman biza. Ya ce babban kuskure shi ne mutum ya ba da sunan shafinsa sannan ya koma yana share abubuwa, don wannan ne ke nuna akwai abin da yake ɓoyewa. Ba da ni yake ba, bai san komai ba. Har yau ban san ko maganarsa gaskiya ce ba. Amma na ajiye jan biron da ke hannuna na tashi. Na shiga aji na rubuta kan darasi a allo, na juyo na kasa tuna abin da zan ce. Na ba su aiki, na nemi izini wurin shugabar makaranta, na nufi tasha.

Motar Argungu ta daɗe ba ta cika ba, rana tana dukan rufinta. A hanya ina kallon gonakin shinkafar rani da injinan ban-ruwa suna ta ƙara, ina lissafa yadda zan faɗa. Baba ya ji sallamata ya ce lafiya, yau ba Asabar ba. Na zauna a bakin tabarma na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya daɗe yana murza carbi.

"Ta san kin yi?"

Na ce ban gaya mata ba.

"To mi kika zo yi nan? Ba ni kika shiga wa waya ba."

Na fara kuka. Na ce tsoro na ji, Baba, ɗiyata ce. Ya ce ya sani, kuma ba ya ganin laifin tsoron, shi ma da yana da ido wataƙila da ya yi abin da ya fi haka. Ya ce amma abu biyu na yi mata: na sa ta ɗauki kayana da sunanta, sannan da kayan ya yi nauyi na sauke mata shi ba tare da na tambaye ta ba, kamar jaki. Ya ce bizar nan in rabonta ce babu mai hana ta, in ba rabonta ba ce ko shafin nan fari fat yake ba za ta samu ba, wannan ba hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne in koma gida kafin magariba. Ya sa aka kawo mini fura, ya tsare ni sai da na sha.

Na same ta a tsakar gida tana wanke takalman roba da take shiga fadama da su. Na tsaya a kanta na rasa ta inda zan fara. Ita ta sauƙaƙa mini. Ta ce tun ran Talata a mota ta gani.

"Inna, na yi zaton za ki gaya mini da kanki. Shi nake jira."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, ta ci gaba da wanke takalmin, ta daɗe a kan ƙafa ɗaya da ta riga ta fita. Na gaya mata maganar malamin lissafi. Ta ce ta san da wannan zancen, shi ya sa tun farko ta ce a bar su. Na ce ko za ta mayar, tunda tana da su a kwamfuta. Ta ce a'a, a goge a mayar ya fi komai muni, kuma dai mutane da yawa sun riga sun kwafa sun yaɗa, ko an so ɓoyewa ba zai ɓoyu ba. Na tambaye ta to in sun tambaye ta me za ta ce.

"Gaskiya. Mahaifiyata ce ta fassara wa kakana da ba ya gani, ni na buga, ita kuma ta ji tsoro ta goge."

Na ce ko za ta ce ita ta goge don ta ga ba su da amfani. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko a ranar, ta ce ba za ta fara karatun nan da ƙarya ba. Da yamma na ga tana danne-danne a wayar. Washegari da na ɗauka zan kira ƙanenta, lambar buɗewa ba ta yi ba. Ban tambaye ta ba.

Ubanta ne ya raka ta Abuja. Ranar ganawar ina tsaron jarrabawa, wayata a kashe cikin jaka a ofis, don haka doka take. Awa biyu da rabi ina zagaya layin tebura. Wata yarinya ta ɗaga hannu tana neman ƙarin takarda, na tsaya a gabanta ina kallonta ban gane abin da take nufi ba sai da ta maimaita. Ana karɓar takardu na ruga ofis. Ta kira sau uku. Da na same ta ta ce matar da ta gana da ita ta tambaye ta a kan tsatsar ganyen shinkafa, da wanda zai biya kuɗin makaranta, da ko za ta dawo. Ba a yi maganar shafi ba ko kaɗan. Amma an riƙe fasfon, an ba ta wata takarda cewa akwai sauran dubawa, za a neme ta.

Sauran dubawa. Kalmomin nan biyu na yi ta juyawa har damina ta sauka. Maigidana ya ce an saba yi wa masu karatun kimiyya haka, wani abokinsa ya gaya masa. Ɗiyata ta koma fadama kamar ba abin da ya faru, ruwa ya fara hawa a Zauro, tana dawowa da laka har gwiwa. Ni kuwa duk ƙarar da wayarta ta yi sai gabana ya faɗi. Na tattara littattafan uku na sa a ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa, kamar akwai mai zuwa bincike. Ina zuwa Argungu hannu wofi, ba fassara. Baba ya tambaya sau ɗaya, na ce ban samu lokaci ba, ya ce to, muka yi hirar ruwa da farashin albasa. Lokacin buɗe makarantar can yana ta matsowa, har jami'ar ta rubuto tana tambaya.

Saƙon ya zo wata safiya tana shanya kaya. Ta karanta, ta miƙo mini wayar. Na ce ta karanta mini, idona ba ya gani. An ba ta. Na zauna a kan turmi, ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba, gajiya kawai na ji kamar na yi dakan gero buhu guda. Har yau ba mu san ko akwai wanda ya buɗe shafin nan ba, ko ya ga fassarar, ko ya ga gurbin da na bari.

Kafin ta tafi ta je ta yi sallama da kakanta. Ya riƙe hannunta ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya ce amarya, in kin ga mutumin nan ki gaishe shi, ki ce wani tsoho a Argungu yana da gyara a wurare biyu. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Bayan wata guda na fito da littattafan, don Baba ya ce shi bai ga dalilin da za a bar mutum a tsakiyar magana ba. Yanzu littafin rubutun a gidansa yake zama, ba ya fita ko'ina. Tsoron dai bai bar ni ba, wuri kawai ya sauya. Takan kira ran Lahadi, lokacin da can safiya ce nan kuma la'asar. Makon jiya ta ce a ajinsu an yi wata muhawara mai zafi, malaminsu ya tambaye ta ra'ayinta a matsayin wadda ta fito daga Afirka. Na ce ba ki dai ce komai ba ko.

"Inna, a kan irin shinkafa ne. Ko a ba manomi sabo ko a gyara nasa."

Na ce to, me kika ce. Ta fara yi mini bayani, dogo, da sunayen iri da ban sani ba, da yadda na fadamar Gulma ke jure ambaliya. Na jawo kujera na zauna ina sauraro.